Dabba mai laima a ƙarƙashin teku

Yara, ku tuna da rijiya mafi zurfi da kuka taɓa leƙawa. In rijiya ta yi zurfi ƙwarai, ba a hangen ruwanta, sai duhu. To, teku ya fi kowace rijiya zurfi nesa ba kusa ba. Hasken rana yana raguwa tun daga metir 200. Daga metir 1000 zuwa ƙasa kuwa, duhu ne dare da rana, ga sanyi kamar na ruwan ƙanƙara. Duk da haka akwai dabbobin da suke rayuwa a can. Yau za mu san ɗaya daga cikinsu.

Sunanta da kamanninta

Wannan dabba ba kifi ba ce. Tana cikin dangin da ake kira pieuvre da faransanci, wato dabbobin teku masu hannu takwas. Ba su da ƙashin baya, kuma ƴan uwan katantanwa ne na nesa. Wata fata mai laushi ta haɗe hannuwanta takwas, kamar yadda fata ta haɗe yatsun agwagwa. In ta buɗe su sai ta yi kama da laima. Don haka za mu kira ta mai-laima.

Yawancinsu ba su wuce santimetir 20 zuwa 30 ba. A gefen jikinta akwai fukafukai biyu masu kama da kunnen giwa. Shi ya sa Turawa suke ce wa wasunsu Dumbo, sunan wani ɗan giwa mai manyan kunnuwa na cikin wani fim da aka yi a Amurka a 1941. Tana da zuciya uku. Jininta shuɗi ne, saboda akwai jan ƙarfe a cikinsa.

Ina take zaune?

Ana samun ta a manyan tekunan duniya, kusa da ƙasan teku. Da yawansu suna zaune tsakanin metir 1000 da metir 4000. Ku auna da tsaunin Bagzan na Abzin, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijar: ya ɗan wuce metir 2000. Ke nan zurfin metir 4000 ya kai kusan Bagzan biyu, ɗaya bisa ɗaya. A shekara ta 2020 masana suka ba da labarin wata mai-laima da aka ɗauki hotonta a zurfin metir 6957, cikin tekun Indiya, kusa da Indunusiya.

Me ya sa ruwa bai murƙushe ta ba?

Ruwa yana da nauyi. Duk wanda ya ɗauki tulu ya san haka. A zurfin metir 4000, ruwa yana danna wuri mai faɗin farcen yatsa da nauyin kilo 400, kamar babban sa ya tsaya a kan farcenka. Ku gwada wannan: ku matse gorar roba da ba kome cikinta sai iska, za ta lotsa. Ku cika ta da ruwa, ku rufe, ku sake matsewa, ba za ta lotsa ba. Jikin mai-laima yana kama da gora ta biyu. Yawancinsa ruwa ne, kuma babu iska a ciki.

Yadda take neman abinci

Inda babu rana, tsiro ba ya fitowa, abinci kuma kaɗan ne. Dole mai-laima ta yi tattalin ƙarfinta. Ba ta gudu. Tana kaɗa fukafukanta sannu sannu, tana shawagi bisa laka. A jikin hannuwanta akwai ƴan ƙoƙuna masu kama abu kamar ƙahon wanzami, da wasu siraran zare masu kama da gashi. In ta tarar da tsutsa ko ɗan ƙaramin jatan lande, sai ta sauka a kansa, ta rufe shi da laimarta kamar an kifa ƙwarya, ta kai shi baki.

Ƴan uwanta na ruwa marar zurfi suna fesa baƙar tawada don su ɓace wa abokan gaba. Ita ba ta da tawada. Ina amfanin tawada cikin duhu?

Yadda take haihuwa

A ƙasan teku babu damina, babu rani. Don haka mai-laima ba ta da lokacin haihuwa guda. A cikin macen akwai ƙwai manya da ƙanana, wasu sun ƙosa, wasu da saura. Tana saka su kaɗan kaɗan, ta manna su a jikin wani abu mai tauri, ta tafi abinta. Ɗan da ya ƙyanƙyashe yana fitowa da fukafukansa, yana iya iyo tun ranar farko.

Haɗarin da take ciki

Wasu manyan jiragen kamun kifi suna jan taru mai nauyi a ƙasan teku. Tarun yana kwashe duk abin da ya tarar, har da mai-laima, ko da yake ba ita ake nema ba. Dabbar da ke saka ƙwai kaɗan kaɗan ba ta saurin maye abin da ta rasa. Wani irinta da ke kusa da ƙasar Niyu Zilan ya ragu ƙwarai, har an sa shi cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Shara ma tana kai wa can: an ga jakar leda a zurfin da ya wuce metir 10000. Mu tuna cewa kogin Kwara da ya ratsa Yamai a teku yake zubewa.

Tambayoyi

1. Me ya sa muka kira wannan dabba mai-laima?
2. Don me ba ta da tawada?
3. Me gwajin gorar roba ya nuna mana?
4. Ku zana mai-laima cikin littafinku, ku rubuta sunayen gaɓoɓinta da hausa da faransanci.