ZAƁEN GIDAN HUTU DOMIN NAƘASASSHE

A ƙasar Ingila akwai wata al'ada ta hutu. Maimakon iyali su sauka a otal, sai su kama hayar gida sukutum na mako ɗaya ko biyu, galibi daga Asabar zuwa Asabar ko daga Juma'a zuwa Juma'a. A cikin gidan akwai gadaje da tukwane da murhu da firji, amma ba mai dafa abinci, ba mai hidima. Baƙi su ne za su yi cefane, su yi girki, su yi wanke-wanke.

Wannan tsari yana da amfani ga iyalin da ke da naƙasasshe, gama za su ci abin da suka saba ci, a lokacin da suka ga dama. Amma fa akwai hatsari. A otal in abu ya gagara sai a kira ma'aikaci. A gidan haya ba wanda za a kira da tsakar dare. Saboda haka duk binciken da za a yi, a yi shi tun ba a biya kafin alƙalami ba.

Me ya sa talla ba ta isa ba?

Mai gida yakan rubuta a tallarsa cewa gidansa ya dace da naƙasassu. Wannan magana ba ta gamsar ba, domin naƙasa iri-iri ce. Abin da mai keken guragu yake bukata dabam, na makaho dabam, na kurma kuma dabam. Bugu da ƙari, da yawa daga gidajen hutu na ƙauyukan Ingila tsofaffin gine-gine ne na dutse, masu ƙananan ƙofofi da matsattsiyar matakala. Dokar Daidaito ta 2010 ta hana a nuna wa naƙasasshe bambanci, ta kuma umurci masu karɓar baƙi su yi gyara gwargwadon abin da zai yiwu. Amma ba ta tilasta wa kowa ya rushe tsohon gini ya sake ba. Don haka wajibi ne a nemi awo, kada a dogara ga yabo.

Awon da za a nema

Da fari a auna keken tafiyar tun a gida, a rubuta fāɗinsa. Sa'an nan a tambayi mai gida waɗannan abubuwa:

1. Ƙofa. Fāɗinta a buɗe kada ya gaza santimita 80, wato kamar inci 32. A tambayi na kowace ƙofa, musamman ta banɗaki, don ita ce ta fi zama matsattsiya.

2. Mashiga. Ko akwai matakala, kuma taki nawa? In an yi gangara, kada ta cika tsayuwa. Ƙa'ida ita ce, kowane inci 1 na tudu a ba shi aƙalla ƙafa 1 ta tsawon gangara. A tambayi tudun dokin ƙofa kuma, da irin ƙasar da ke tsakanin wurin ajiye mota da ƙofar, gama tsakuwa takan riƙe ƙafar keke.

3. Filin juyawa. Keke yana bukatar fili mai fāɗin santimita 150, kamar ƙafa 5, kafin ya juya sosai.

4. Banɗaki. Wurin wanka wanda ke daidai da daɓe ya fi baho, domin shiga baho da fita daga cikinsa yana kawo faɗuwa. A tabbata akwai kujerar wanka da ƙarfen riƙo a bango. Mazaunin bayan gida ya kai tsawon santimita 48 ko kusa da haka, da fili a gefensa.

5. Ɗakin kwana. Ya kasance a ƙasa. In ana ɗaga mutum da inji, a tambaya ko akwai sarari a ƙarƙashin gadon da ƙafafun injin za su shiga.

6. Ɗakin girki. Tun da baƙi ne za su yi girki, a bincika ko mai zaune a keke zai kai ga murhu da famfo da firji.

Makafi da kurame

Makaho da mai raunin gani suna bukatar haske isasshe, da hanya wadda ba tarkace, da alama a bakin kowane taki. A Ingila doka ba ta yarda a ƙi karen ja-gora ba, ko da gidan ba ya karɓar karnuka. Kurma kuwa ba zai ji ƙararrawar gobara ba. Akwai wadda ke walƙiya da fitila, da wadda ke girgiza a ƙarƙashin matashin kai. A tambaya ko an tanade su.

Kafin a biya

A roƙi mai gida ya aiko da hotuna da amsa a rubuce, gama gani ya kori ji. A nemi sanin nisan asibiti da kantin magani, a riƙe lambar gaggawa ta ƙasar, wato 999. Gidajen da aka gyara sosai ba su da yawa, kuma watannin Yuli da Agusta lokacin hutun makaranta ne, saboda haka a kama da wuri.

Irin wannan haya ta 'yan kwanaki ta yaɗu a Abuja da Legas. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi gyara. Duk da haka tambayoyin nan ba su sake ba, sai dai a ƙara guda: in gidan a bene yake, me zai tuƙa na'urar hawa idan an ɗauke wuta?

Abu na ƙarshe, kuma mafi girma, shi ne a yi shawara da shi naƙasasshen kansa tun daga farko. Shi ya san abin da yake iyawa da abin da yake ba shi wuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.