Bairos Bai Cinye Takardarka Ba

A shagunan buga takardu na Wara, hedikwatar Ngaski, da na Yelwa, kalma uku ke kashe magana: "Bairos ya cinye." Ɗalibi ya soka filasha, maimakon furojet ɗinsa sai ya tarar da gumaka masu 'yar kibiya, ya koma gida hannu a ka. Galibi ba abin da aka cinye. Bairos ɗin da ake kira shotkot ɓoye fayiloli yake yi, ya jera na bogi a gurbinsu. A duba filashar: in har yanzu tana nuna a cike, kayan suna ciki. Kada a danna gumakan, dannawar ce ke tayar da cutar. A wanke da antibairos, sannan mai shago ya fito da ɓoyayyun fayilolin da umarnin attrib.

Ana kuma cewa in an goge, shi ke nan. Ba haka ba ne. A Windows, abin da aka goge kwandon shara yake fara zuwa, sai dai wanda aka goge daga filasha ba ya bi ta nan. Ko an zubar da kwandon, kamar a aji ne: suna kawai aka soke daga rajista, ɗalibin yana nan zaune sai wani ya zo ya ƙwace kujerarsa. Shi ya sa manhaja irin Recuva, wadda kyauta ce, kan dawo da fayil ɗin. Ɓarnar gaskiya a hannunmu take faruwa: takarda ta ɓace da safe, da yamma an loda wa filashar finafinai da waƙoƙi. To, nan fa an binne ta. Ita kanta manhajar ceton kada a sauke ta a faifan da abin ya ɓace.

Inda jita-jitar ke da gaskiya shi ne a kwamfutocin da ke da faifan SSD, masu share gurbin da kansu ba da jimawa ba, da kuma cikakken fomat, wanda tun daga Windows Vista yake rubuce faifai da sifiri. Mai gyaran da ya rantse maka zai dawo da komai a nan, aljihunka yake kallo.

In kuwa wuta aka ɗauke ana tsakiyar rubutu (madatsar Kainji na nan tun 1968, amma maƙwabtanta ma sun san duhu), a sake buɗe Word kawai. Yana adana kwafi duk minti 10 in ba a sauya saitin ba, kuma takardar da aka rufe ba a taɓa adana ta ba yana riƙe kwafinta kwana 4.

Sai batun shinkafa. Laftof ya jiƙe a kwalekwale wajen tsallaka tafki, a ce a tusa shi cikin buhu. Shinkafa ba ta janyo ruwan da ya shige ciki. Kada a kunna shi. A kai wa mai gyara ya ciro faifan in mai ciruwa ne, ya karanta shi a wata kwamfutar.