Cikin Fari da Kunya: Wa Zai Kai Yarinya Awo?

A ƙasar Hausa yarinya mai cikin fari ba ta faɗa da bakinta. Sai dai a lura: ta daina cin abin da ta saba, ta koma zumbula hijabi ko a tsakar gida. Kunya ado ce, ba musu. Amma kafin manya su farga ciki ya kai wata shida, ba a taɓa auna ta ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya sun haihu ko suna da ciki, kuma Arewa maso Yamma ce kan gaba. Mai ƙarancin shekaru ƙugunta bai gama buɗewa ba. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, sai wurin ya huje, a wayi gari da yoyon fitsari. Ga kuma jijjiga, wadda ta fi kama mai haihuwar fari. Fuska da ƙafafu su kumbura, kai ya yi ta sara, a gida a ce iska ce, a kawo hayaƙi, alhali hawan jini ne da ma'aikaciyar awo za ta gano cikin mintuna.

Taimako kuwa akwai shi. A wurin awo ana ba da maganin ƙarin jini, da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar tetanus. Wadda ta riga ta samu yoyon fitsari ana yi mata aiki kyauta a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, akwai kuma cibiyar Danja kusa da Maraɗi.

Matsalar ita ce yarinya ba ta da izinin fita, ba ta da kuɗin mota. Wannan ne 'yan Nijar suka gane da suka fara makarantar mazaje a jihar Damagaram, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu. A ganina dabarar ta fi kowace kama hanya.

Wadda kuwa ta samu cikin ba aure, korarta ba ta goge abin da ya faru. Rai biyu kawai ake jefawa cikin haɗari.

Maigida, uwar miji, kada ku jira ta faɗa. Ku tambaye ta, ku raka ta awo tun watannin farko.