Na'urar Da Ke Gano Ko Mai Doguwar Suma Yana Jin Magana

A shekarar 2006, masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen na birnin Cambridge a Ingila ya fitar da rahoto kan wata mata 'yar shekara 23. Hatsarin mota ya kwantar da ita wata biyar, idanunta a buɗe amma ba alamar tana cikin hayyacinta.

Da aka sa ta cikin na'urar fMRI, mai bin sawun kwararar jini a ƙwaƙwalwa, sai aka ce ta raya a ranta tana buga wasan tanis. Sashen da ke tsara motsi ya kama aiki irin na mai lafiya. Ashe tana ji, jikin ne ya ƙi amsawa.

Yanzu har EEG ake amfani da ita, wayoyin da ake manna wa fatar kai, kwamfuta tana tantance siginar. Wani binciken 2024 ya gano 60 cikin majinyata 241 da ba sa bin umarni da jiki suna binsa da ƙwaƙwalwa.

Sai dai shirun na'ura ba hujja ba ce ta cewa mutum ba ya ji. Don haka kowane mai jinya ya kula da abin da yake faɗa a bakin gadon.