Ina Ne Gidan Kangaru?

Da yawa daga cikinmu a hoto ko a talabijin kawai muka san kangaru, dabbar nan mai tsalle da ƙafafun baya, wadda macenta ke goyon ɗanta cikin wata jaka a cikinta. Wasu kan ce mata babba-da-jaka, amma a wurinmu wannan sunan tsuntsu ne. To, ina ne gidanta?

Gidanta Ostareliya. Manyan kangaru iri 4 ne. Jan kangaru, wanda namijinsa kan kai kilo 90, yana zaune a busassun filayen tsakiyar ƙasar. Masu ruwan toka iri 2 suna gabas da kudu, inda ruwan sama ya fi yawa, na huɗun kuma yana arewa mai zafi. Akwai danginsu masu hawan itace a dazuzzukan tsibirin Niyu Gini da arewa maso gabashin Ostareliya.

Jan kangaru dabbar fari ce. Cikinta kwana 33 ne kacal, ta haifi ɗa kamar ƙwayar wake, ya rarrafa ya shiga jaka, ya yi wata 8 a ciki. In fari ya tsananta, sabon cikin da ta ɗauka yakan dakata da girma har sai hali ya gyaru.

Da Turawa suka kawo tumaki, sun haƙa rijiyoyi da tafkuna, suka kuma ja shingen waya mai tsawon fiye da kilomita 5,000 don tsare garke daga karen dajin da ake kira dingo. Ruwa ya samu, maƙiyi ya ragu, sai kangaru suka yaɗu. Yanzu suna takara da tumaki a kan ciyawa, rigimar da duk wanda ya san kiwo a Sahel zai gane. Shi ya sa hukuma ke ƙayyade adadin da maharba masu lasisi za su harbe kowace shekara, masu kare dabbobi kuwa suna adawa da haka.

A wajen ƙasar, galibi a gidajen namun daji ake ganinsu. Dokar Ostareliya ta 1999 ta hana fitar da su da rai don ciniki, sai da izini ga irin waɗannan gidaje ko masu bincike.

Raba dabba da gidanta ba wasa ba ne. Wajen 1870 aka kai ƙananan danginsu, walabi, ƙasar Niyu Zilan. Yau sun zama annoba, suna cinye tsiron daji da makiyaya, gwamnati na kashe kuɗi wajen rage su.

Saboda haka in mun ga kangaru a bayan waya, mu tuna baƙuwa ce. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.