4.3 Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya a Manhajar Kwamfuta

Wannan sashe ya dubi matsalar da mai tsara manhaja ke fuskanta dangane da ɓ, ɗ da ƙ, wadda ta shafi masu buga kundin ɗalibai a Tudun Jukun. Tsarin ASCII alamomi 128 gare shi, babu waɗannan haruffa ciki. Unicode na 1991 ya tanade su. Idan harafi ya fito kamar akwati, salon rubutun ne ba shi da shi, sai a canja. Idan kuwa alamar tambaya ce, an adana aikin da tsohon tsari, harafin ya salwanta. Ke nan wajibi ne manhaja ta yi adani da UTF-8, domin cire ƙugiya kan mayar da "ƙafa" ta koma "kafa".