Zanen "Saya Ka Taimaka": Nawa Ke Kaiwa Hannun Mai Rini?

Shirinmu na musamman na yau ya ya da zango ne a Kawo, ƙofar Kaduna ta arewa, inda motar da ta taso daga Zariya ko Kano ko Katsina sai ta gaida gada kafin ta shiga gari. Ranar Talata kasuwa ke ci a nan, kuma mai neman sutura ba zai rasa atamfa da shadda da leshi ba. Akasarinsu jirgin ruwa ne ya kawo su ƙasar. Mu abin da ya kawo mu shi ne ɗan kason da hannu ya yi: kampala, batik, rinin ɗauri da ɗinkin hannu, musamman irin wanda ƙungiyoyin mata da cibiyoyin koyar da sana'a kan shimfiɗa a kan tebur a wajen taro, ko a filin baje koli da ke gaba da mu kaɗan ta wajen Rigachikun, a ce maka: saya ka taimaki marayu, saya ka taimaki zawarawa.

Kafin mu taɓa zanen, bari mu tambayi inda matan suka fito. Kaduna gari ne da zare ya raina. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da ƙoƙarin gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, Arewa Textiles a 1965. Jiniyar canjin aiki ita ce agogon rabin gari, dubban magidanta kuma da albashin masaƙa suka yi aure, suka sa 'ya'ya a makaranta. Sai wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa. A 2002 Kaduna Textiles ta rufe ƙofa, a 2007 United Nigerian Textiles ta tsaya, ko da yake an sake tada ta daga baya. Ma'aikata da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Wata malamar jami'ar Michigan ta Amurka, Elisha Renne, har littafi ta fitar a 2020 kan halin da matan waɗannan mamata da 'ya'yansu suka shiga. To garin da ya taɓa tufatar da Najeriya da injin, yau shi ne ake tara matansa a tsakar gida, a ba su robar wanka da garin rini, a ce ga sana'a.

Ba raina sana'ar nake yi ba, don wanda bai taɓa tsayawa kan aikin batik ba bai san wuyarsa ba. Za a sayo farin yadi ko farar shadda, a wanke ta sitacin kamfani ya fita. A ɗora kyandir a wuta ya narke, wasu su haɗa da kakin zuma don kada ya yi saurin karyewa. A yanka soso ko a sassaƙa katako da siffar adon da ake so, a riƙa tsomawa a kakin ana bugawa a jikin yadin, layi bayan layi, kuma in hannu ya karkace sau ɗaya, tabon ya zauna ke nan. Duk inda kakin ya hau, rini ba ya shiga. Daga nan a dama garin rini da soda da haidiro, a tsoma yadin, a ɗaga shi ya sha iska, launin gaske ya fito. In kala biyu ake so, sai a sake buga kaki a sake tsomawa. A ƙarshe a tafasa ruwa a narkar da kakin, a ɗauraye, a sa sitaci, a shanya, a kai wa mabuga ko a goge. Sodar nan kuwa cin fata take yi. Wadda ta yi aiki ba safar hannu, tafinta zai ba da labari, warin haidiro kuma ya kan zauna a ƙirji.

Yanzu mu zo ga lissafi, inda yawancin jawaban buɗe taro ba sa zuwa. A kuɗin zanen nan akwai na yadi, wanda shi ke cin kaso mafi tsoka kuma farashinsa na bin dala. Akwai na rini da soda, su ma daga waje suke. Akwai gawayi ko gas, akwai ruwa, wanda a unguwanni da yawa sai an saya wurin 'yan ga-ruwa. Akwai kuɗin mota da na rumfa. Abin da ya saura shi za a raba tsakanin asusun taimako da wadda ta ƙona hannunta. Sau da yawa, da aka ce aikin lada ne, guminta shi ake fara yafewa, alhali ita ce aka ce za a taimaka.

Ga ra'ayina, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Tausayi sau ɗaya yake sayen zane. Hajiya za ta saya ranar taro don kunyar idon jama'a, ta kai gida, a wanki na farko ya zuba ya ɓata mata farin mayafi, shi ke nan an rabu. Ba za ta dawo ba, kuma za ta gaya wa ƙawayenta. Ƙungiyar da ta koyar da mata na mako biyu, ta raba takardar shaida, aka ɗauki hoto aka watse, ba ta ba su sana'a ba, ɗanɗano ta ba su. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wannan magana ta hau kan mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.

Akwai wuraren da aka bi wata hanyar, kuma ɗaya ba shi da nisa da tashar Kawo. A birnin Zazzau, ɗinkin babbar riga da hannu, su aska biyu da aska takwas, a da aikin maza ne, galibi malamai da almajiransu. Da maza suka karkata ga keken surfani da wasu ayyukan, mata a cikin gidaje suka ɗauki allura. A 1994 wasu daga cikinsu suka haɗu a ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Sarauniya Amina, wato Queen Amina Embroiderers. Dabararsu ita ce ɗauko adon da aka sani a ƙirjin riga su sauke shi a kan rigunan mata, jakunkuna da rigar matashin kai, abin da baƙo zai iya sawa a akwati ya tafi da shi. Aikinsu ya kai kasuwannin kayan hannu a Amurka. Wanda ya saya, kyan ɗinkin ne ya ja shi, labarin matan daga baya yake ji.

Na biyun yana Osogbo, ƙasar Yarbawa. Nike Davies-Okundaye, 'yar Ogidi ta jihar Kogi, ta tashi cikin talauci, ta koyi adire a hannun iyayenta mata, irin wanda ake zana ado da kullun rogo kafin a tsoma a baba. A 1983 ta buɗe cibiyar koyar da adire da batik da saƙa kyauta, tana ɗaukar nauyinta da kuɗin ayyukanta da take sayarwa, kuma dubban mutane sun bi ta hannunta. Ku lura da yadda abin ya jeru: sai da aikinta ya yi daraja a kasuwa, sannan ya iya ɗaukar nauyin wasu.

Mu kuwa a arewa ba baƙin rini ba ne da za a ce sai an koya mana daga farko. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana danganta ta da shekarar 1498, kuma har gobe baba da toka da kanwa ake zubawa a karofi a bar su su nuna. Mata ke ɗaure adon da zare a cikin gida, maza su tsoma. Turkuɗin Kura shi Buzaye ke naɗawa a Agadas. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya tarar yadin garin yana kaiwa Tambutu da Tarabulus. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ba kasafai cibiyoyinmu na koyar da mata ke neman waɗannan tsofaffin marina su zo su koyar ba, ga su nan a raye, kuma su ma aikin suke nema.

Gasar kuwa ba ta wasa ba ce. Masana'antun Sin suna ɗaukar hoton adon hannu su buga shi da injin, dila-dila, a farashin da bai kai kuɗin farin yadin mai rini ba. Masu adire na Abeokuta sun daɗe suna kuka da wannan, kuma a 2015 marinan Kano sun yi tattaki zuwa fadar Sarki kan yadda kayan Sin ke kashe musu kasuwa. Mai aikin hannu ba za ta taɓa cin injin a araha ba. Inda za ta ci shi, shi ne rinin da ba ya zuba, da adon da babu irinsa biyu a gidan biki.

Saboda haka in kin tsaya gaban irin wannan tebur, Hajiya, ko kai Alhaji, juya zanen ka duba bayansa. Na hannu rininsa ya ratsa ciki da waje kusan daidai, na injin sau da yawa bayansa fari-fari ne. A batik na gaske za ka ga siraran jijiyoyi inda kakin ya tsage rini ya kutsa, kuma ba sa maimaita kansu a tazara ɗaya. Jiƙa bakin farin hankici ka goga a gefe ka ga ko zai kama launi. Sannan ka tambayi mai tebur, cikin ladabi: wa ya rina wannan, nawa aka biya ta a kan kowane yadi, kuma ragowar wane gida za a kai? Ƙungiyar da ke riƙe da littafin lissafi za ta buɗe maka shi nan take.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau daga Kawo.